Rasuwar Hajiya Mai Ganin Cikin Katako

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni Mukhtar Ishaq kafinta, na Talata Mafara, nake sanar da rasuwar na'urata mai duba itace, wadda 'yan kasuwa suka sani da Hajiya Ba-Ƙarya.

Marigayiyar ba ta fi tocila girma ba. Sai a ɗora bakinta a kan katako, ta haska shi da wani haske da ido ba ya gani, ta ce "ƙit-ƙit", ta rubuta ko ya bushe, ko zai yi ƙarko, ko kuwa gara ce za ta yi walima da shi. Ba ta taɓa jin kunyar babba ba. Ita ta tona asirin Bawa, mai kawo mana itace daga Faru, ranar da ya shafe gawo da jar ƙasa da baƙin mai, ya rantse maɗaci ne. Tun daga lokacin, tsoronta kaɗai ke sa ya lodo mini na kirki.

Ajali ya same ta a ƙwaryar nono. Maiɗakina Habiba ta ce abin da ke ganin ruwa a cikin kirya ai ba zai kasa ganinsa a nonon da take zargi ba, sai ta tsoma ta har wuya. Marigayiyar ta rubuta cewa wannan itace ɗanye ne sharaf, ta yi "ƙiii", ta yi shiru. Ko a kan gargara gaskiya ta faɗa. Mun cusa ta cikin buhun shinkafar Bakolori ko ruwan zai tsotse, mun garzaya da ita wurin Jibrin mai gyaran waya a Bakura. Ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce sai haƙuri, har ta fara tsami.

Ta bar caja, da kwalinta, da ni, maraya mai gemu. Wallahi hankalina a tashe yake, don ranar Talata Bawa zai sauke katakon da zan yi wa wata makaranta a Maradun ƙofofi, kuma in suka kumbura da damina sunana ne zai ɓaci.

Saboda haka an ɗage jana'iza sai an gama sauke mota, sannan a rufe ta a bayan shago. Kafin nan gawa za ta halarci kasuwa a hannuna. Masu ta'aziyya su biyo ta ƙofar baya, su yi ta ƙasa-ƙasa, kuma kada wanda ya karanta wa Bawa wannan sanarwa. In kun ga na ɗora ta a kan katako ina tsaki ina girgiza kai, don Allah ku taya ni girgizawa.