Garwashi a Gemun Kaka Ɗanjuma

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na aikata a Badafi ranar sadakar arba'in ta maiɗakina, Allah ya jiƙanta. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A zamanin da motocin gyaɗa suka fara shigowa Ƙofa, ina cikin masu loda buhuna. A wurin direbobi na koyi shan sigari, na riƙe shi shekaru. Da ciwon ƙirji ya kwantar da maiɗakina, wata rana na shiga duba ta sai ta ce, "Malam, warin tabarka yakan riga sallamarka shigowa. Da za ka bar ta, da na ji daɗi." Ban amsa ba. Sai da muka dawo daga binne ta na amsa, ni kaɗai, a zuciyata, na bar tabar. Ban gaya wa kowa ba (a lokacin namiji ba ya son a ji cewa maganar mace ce ta juya shi).

Na sha wuya. Goro na ci har haƙorana suka rine. Asuwaki kuwa na tauna kamar akuya ta samu ɓawon rake. Na daina zama a inuwar direbobi, in na hango hayaƙi sai in canja hanya. Duk da haka, in na gama cin tuwo hannuna da kansa yake tafiya aljihu, ya dawo ba komai.

To, maiɗakina tana da kaka a Badafi, Kaka Ɗanjuma, tsoho mai farin gemu har ƙirji, wanda ba ya rabuwa da lofensa na shan taba. Hannunsa na rawa, don haka wani ke kunna masa: a cusa taba, a ɗora garwashi, a zuƙa har ta kama, a goge bakin, a miƙa da hannu biyu. Duk zuwana ni ke yi. Akwai wasa tsakaninmu, don yana kiran jikar tasa amaryarsa, ni kuma ɓarawon da ya sace ta.

Da malamai suka shafa addu'a aka raba gumba, maza suka koma gindin ɗorawa bayan gida. Na raɓe can gefe. Sai na ji muryarsa.

"Ina ɓarawon amaryata? Zo ka kunna min. Ko yau ma ɓuya za ka yi?"

Ga surukina zaune, ga ƙannensa, ga liman. In ƙi, na raina tsoho. In faɗi dalili, sai na ambaci 'yarsu a gabansu, abin da ban taɓa yi ba. In zuƙa kuwa, na san kaina, ba zan tsaya a ɗaya ba.

Na durƙusa na cusa tabar, na ɗauko garwashi a tsingaro na ɗora. Ƙamshin ya bugi hancina, yawu ya cika min baki. Nan wata dabara ta zo min (Allah ya raba mu da dabarar mai jin kunya): tunda maƙeri hura wuta yake yi ta kama, ni ma bari in hura maimakon in zuƙa.

Na hura a hankali. Shiru.

"Kai, numfashin naka ya ƙare ne?" in ji tsoho, ya matso da fuskarsa. "Samarin yanzu, sai faɗin ƙirji!"

Na cika kumatu na hura da ƙarfina. Garwashi da taba da toka suka yi tsalle gaba ɗaya suka sauka cikin gemunsa. Wuri ya ɗau ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Ƙanin surukina ya cire hula yana bugun gemun, wani ya juye masa buta, liman yana ta salati. Ni kuwa ina durƙushe da lofe a baki, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Tsoho ya share ruwan fuskarsa ya dube ni. "Shekara da shekaru kana kunna min. Yau ka manta ta inda hayaƙi ke bi?"

Ba mafita. Na sunkuyar da kai na ce, "Na bari ne, Kaka. Ita ta roƙe ni."

Tsoho ya miƙo hannu. Ya karɓi lofen ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

"Ni tun tana tatata take roƙona," ya ce. "Ta ɓoye min shi a rumbu, ta jefa shi a randa. Na ɗauka wasan jika ne." Ya kakkaɓe shi a diddigensa, ya ɗora a kan saiwar ɗorawa. "Ba za a ce ɓarawo ya fi ni jin maganarta ba."

Mutumin da ya fara shan taba tun ba a haifi ubana ba, daga ranar bai ƙara taɓa ta ba, har Allah ya karɓi ransa. Ba goro, ba asuwaki, ba canja hanya. Na taɓa tambayarsa ko ƙwaɗayin ba ya zuwa masa. Ya ce, "Kullum da la'asar. Sai in ce ya zauna mu yi hirarta, har ya gaji ya tafi." Ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma shi ya riƙe ni duk lokacin da na kusa komawa.

Abin da na koya: in ka bar abu, buɗe baki ka faɗa tun da wuri. Kunyar magana ɗaya na guje wa, na ƙare da kallon gemu mai gefe ɗaya har damina ta zagayo.