Alwalar da Ta Kusa Kashe Ayari

Ni haifaffen unguwar Nima ne a birnin Ankara, na saba da famfo. Ina da gemuna da matata lokacin da Kawu ya tafi da ni ayarin gishiri, can bayan Agadas.

Kwana shida muna ratsa tuddan rairayi, kowanne ya fi masallacinmu tsayi. Da azahar ta yi, na ce bari in nuna wa mutanen daji yadda malaman Ankara ke addini. Na kwance salkar ruwa, na zabga alwala, kowace gaɓa sau uku, har tsakanin yatsun ƙafa.

Ina ɗagowa na ga kowa na dafa yashi yana taimama. Madugu ya zo ya matse salkar, ko ɗigo babu. Ya dube ni.

"Ɗan nan," in ji Kawu, "ragowar ruwanmu ke nan. Rijiya sai gobe da yamma."

Muka yi ta tafiya ba mai yi mini magana, harshena kamar busasshiyar fata. Da ƙyar muka kai.

Kawu kuwa bai rufa mini asiri ba. Har yau in na ɗauki buta a masallacin Nima, sai wani ya miƙo mini yashi a tafin hannu: "Malam, tausaya mana, mu ma za mu sha."