Littafi Ɗari da Huɗu, Layi Biyar

A duk faɗin garin nan babu wanda ya kai Mataimakin Darakta karatu. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa da bakinsa, kuma mai ilimi irinsa ba ya magana sai da hujja. Littafi ɗari da huɗu ya karanta a bana. Biyu kowane mako, ba fashi, har da makon da zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ce ko cokali ba ya iya ɗagawa.

A ofis Na-Karanta ake ce masa, a bayan idonsa dai. Shi ya raɗa wa kansa sunan bai sani ba, don ba a taɓa ambaton littafi a gabansa ya ce bai san shi ba. Wata rana mai buga takardun ofis ta ƙirƙiro sunan wani littafi da babu shi a duniya, ta tambaye shi ko ya taɓa cin karo da shi. Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Na karanta," in ji shi. "Farkonsa da daɗi, amma marubucin ya gaji a tsakiya."

Yana da tsarin karatu na musamman, wanda ƙananan makaranta irinmu ba za mu gane ba. In ya sayo littafi, sai ya juya bayansa ya duba abin da aka rubuta a bango. Sai ya auna nauyinsa a tafin hannu. Sai ya ajiye shi gefen kofin shayi, ya ɗora tabarau a kai, ya ɗauki hoto, ya watsa a waya: "Na sittin da uku. Ya girgiza ni." Littattafai sun girgiza shi ƙwarai a bana. Ikon Allah ne da har yanzu yake tafiya da ƙafafunsa.

Daga nan littafin zai koma kantar gilashin da ke falo, inda aka jera su dogo kusa da dogo, ja kusa da ja. Da yawansu ko ledar kanti ba a cire musu ba. Ya ce girmamawa ce.

Amma akwai na hannun dama, wanda ya ce shi ne littafinsa na shekara, kai, na rayuwa ma. Wani ƙato ne mai koren bango, shafi ɗari tara da ɗoriya, wanda ma'aikata suka yi wa laƙabi da Bulo. Duk inda ka ga Na-Karanta, Bulo na hammatarsa: ofis, banki, asibiti, shagon aski. Akwai wani jan kati da yake leƙowa ta saman littafin, alamar inda aka tsaya. Kullum da safe zai zare katin, ya tsallake kaurin ɗan yatsa, ya sake cusa shi. Ba ya buɗe littafin, kada gadon bayansa ya karye. In katin ya kai ƙarshe sai ya mayar da shi farko, ya sanar da jama'a cewa ya shiga zagaye na gaba.

To, duk wannan wahala ba don Allah-da-Annabi ake shan ta ba. A farkon shekara shugaban kwamitin ɗakin karatu na gari ya sauka, kujera ta zama babu kowa. Ba albashi a cikinta. Amma sunan shugaba ake rubutawa a allon bakin ƙofa har shekara uku, kuma shi ke zama a tsakiya in za a ɗauki hoto. Na-Karanta ya sa rai, irin sa ran da ke hana mutum jin daɗin abinci. Ya kai wa ɗakin karatu kyautar agogon bango, sunansa a jiki ya fi lambobin girma. Sakataren kwamiti ya yi godiya, ya ce, "Za ka ji daga gare mu a rubuce, yallaɓai." A ranar ya wuce wurin masu buga kati, ya sa aka buga masa guda ɗari biyar masu ruwan zinariya: Shugaban Kwamiti.

Takardar kuwa ta zo. Wata Asabar ce a watan uku, yana wanka, Bulo yana hutawa a kan tebur. Matarsa ta karɓi ambulan, ta ga tambarin ɗakin karatu, ta duba inda za ta ajiye. Tebur ba wurin ajiya ba ne a gidan da yara ke zane a kan duk abin da ya yi fari. Sai ta ce ai ga wurin da ba zai taɓa kuskure ba. Ta buɗe Bulo daidai jan kati, ta juya shafi ɗaya, ta sa ambulan, ta rufe. Da ya ci gaba da karatu, ita zai fara gani.

Washegari tana kawo wa baƙinsa ruwa ta tuna.

"Baban yara, ka ci gaba daga inda ka tsaya jiya?"

"Tambaya kike yi? Na wuce wurin da shafi arba'in."

"To ka ga abin da ke shafi na gaba ke nan."

Ya dubi baƙin nan biyu, ya yi murmushin mai haƙuri da jahilcin iyali. "Na gani. Na karanta. Sau biyu ma."

"Madalla. Me ka yanke?"

"Irin wannan ba a yanke masa hukunci a tsaye, sai an yi nazari. Kawo mana shayi."

Ta fita tana cewa a ranta, manya haka suke, ba sa nuna zumuɗi.

Bayan mako uku aka rubuta sabon suna a allon bakin ƙofa. Wata tsohuwar nas ce mai ritaya, wadda kowa ke kira Sista. Da labari ya iske Na-Karanta, sai da ya kwance maɓallin wuya. A gida, da yake namiji ba ya faɗuwa a gaban iyali, ya ce wa matarsa, "Sun roƙe ni, na ƙi. Ina na ga lokaci?" Ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. A waje kuwa wani karatu yake yi daban.

"Hassada ce tsagwaronta!" haka yake gaya wa mai aski, da direban ofis, da duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi. "Ko takardar ban-haƙuri ba su aiko mini ba. Ko layi ɗaya! Garin da ba ya girmama mai karatu, ina zai je?"

Yana faɗa yana bubbuga Bulo da tafin hannu, ambulan na ciki tana shan duka. Wata tara tana yawo a hammatarsa. Ta je banki, ta je asibiti, ta halarci taro goma sha ɗaya.

Asabar ta ƙarshe a shekara, ɗakin karatu ya shirya zaman waiwaye da la'asar, kowa ya faɗi abin da ya karanta da wanda ya fi so. Na-Karanta ya ga ranar ramuwa ta zo. Ya sa aka goge masa kaya har sau biyu. Ya ce matarsa ta shirya ta raka shi, ta ga yadda ake koya wa mutane hankali.

Kujerun roba ne aka jera tsakanin kantoci, fanka ɗaya na juyawa tana ƙara, agogonsa na bango yana latti da minti ashirin. Wani direban babbar mota ya ce shi biyu ya karanta, duk a wurin jiran lodi. Sista ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ita bakwai ta samu, don idonta ya fara gajiya. Ɗaya daga ciki sau uku ta maimaita shi, saboda akwai wata tsohuwa a ciki mai faɗa da kowa, sak mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. Ta faɗi yadda tsohuwar ke ɓoye magani a ƙarƙashin matashi, aka yi dariya, ita kuma ta share ido.

"Bakwai," Na-Karanta ya raɗa wa matarsa, raɗar da ta kai layi na uku. "A shekara!"

Minti goma aka ba shi. Ya ajiye Bulo a kan tebur, tebur ya amsa.

"Jama'a masu daraja, da masu ƙoƙari," ya fara. "Ni ba na son yabon kai, duk wanda ya san ni ya san haka. Amma tarihi ba zai yafe mini ba in na yi shiru. Ɗari da huɗu! Wani in ya karanta bakwai sai ya yi kuka. Ni in zan yi kuka a kan kowane littafi, da tuni ruwa ya ci gidana. Karatu ba ido ba ne, jama'a. Karatu shaƙa ne. Ni littafi ina ɗaukarsa nake jin abin da ke cikinsa yana hawowa ta hannuna."

Ya yi minti arba'in. Ya ambaci zurfi sau tara, falsafa sau shida. Labarin littafi ko ɗaya bai fito ba. Sannan ya juya wajen kwamiti.

"Amma a garin nan, mai ɗari da huɗu ko takarda ba a iya rubuta masa ba."

Sakatare ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, mun fa aika."

"Ba ku aika ba!"

"Wallahi mun aika."

"Malam, ni da rubutu ba ma ɓoye wa juna. Da ta shigo gidana, da na ji ta a jikina."

A layin baya matarsa ta ɗago kai ta dube shi da mamaki.

Sista ce ta raba gardamar, cikin muryar da ta saba lallashin marasa lafiya da ita. "Ƙanena, a bar wannan. Tunda wannan ne zaɓinka na shekara, ɗan karanto mana wurin da ya fi taɓa ka, mu ma mu ƙaru."

"Ko'ina gida ne a wurina," in ji shi, ya tura mata Bulo. "Buɗe duk inda kika ga dama."

Ba ta sha wahalar zaɓe ba. Tana ɗaga bango, littafin ya yi wata ƙara irin ta sabon takalmi, shafuka manne da juna suka wuce a dunƙule, ya buɗe da kansa a wuri ɗaya tilo da aka taɓa buɗe shi. Farar ambulan na kwance a ciki, a liƙe, ta miƙe sumul kamar an yi mata guga. Sista ta ɗaga ta sama. Kowa ya ga tambarin.

"La!" in ji matarsa daga baya, da iyakar gaskiyarta. "Ai ita ce na sa maka tun watan uku, Baban yara. Ka ce ka karanta. Sau biyu ma."

Direban babbar mota ya cusa hula a baki, kafaɗunsa na rawa.

"Layi biyar ce," in ji sakatare, yana kallon ƙasa. "Kwamiti ya zaɓe ka baki ɗaya. Aka ce ka amsa cikin mako biyu. Da muka ji shiru, muka ɗauka karatu ne ya yi maka yawa."

"Ni ma sai da na ce a ƙara jiranka," in ji Sista. Ta miƙa masa ambulan da hannu biyu. "Ungo, ƙanena. Ba ta da tsawo."

Na-Karanta ya yage bakin ambulan. Ya sa tabarau, ya ga ba sa taimako, ya cire. Ya bi layi na farko da yatsa, leɓensa na motsi, ya sauka na biyu. Bai juya baya ya duba bango ba, bai auna ta a tafin hannu ba, bai ɗauki hoto ba. Ya bi ta kalma bayan kalma har sa hannun sakatare, ya koma sama ya sake.

Mutum sittin ne shaida. A cikin duk karatun bana, wannan ce kaɗai aka ga ya kai ƙarshenta. Sau biyu ma. Kuma a gaskiya ta girgiza shi, don sai da ya dafa Bulo kafin ya iya tsayuwa.