Rasuwar Buhu, Rigar Malam Garba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi zama wuri ɗaya, ni Malam Garba mai turare na Ƙofar Na'isa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rigata, wadda unguwa ta sani da suna Buhu. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta zo duniya ne a kan keken matata Nana Hauwa, Allah ya jiƙanta, lokacin tana koyon ɗinki. Ba ta gwada ni ba, da ido ta auna, ita kuwa kullum babban mutum take gani na. Ranar da na fara saka ta, abokan hira suka tambaya ko masara ce a ciki ko mutum. Suna ya bi ta.

Daga nan kalmar ta rikice a gidanmu. In aka ce a ɗauko buhu, sai an tambaya: na zubawa ko na sawa? Ni kaina na koma Baba Buhu. Yau samarin layinmu duk wando mai faɗi buhu suke ce masa, 'yan mata ma haka suke kiran zurma-zurman rigunansu.

Ta kasance mai haƙuri da rufin asiri. Shekarar da na rame, ba wanda ya gane. Da na yi tumbi, ba ta tona ba. Aljihunta ya ɗauki goro, kwalaben turare, albasa, har ɗan tsako. In ina tafiya takan ce "faf, faf," da haka Nana Hauwa ke sanin na shigo zaure.

Ciwo ya fara mata ne a kafaɗa, aka yi ta faci kan faci. Ranar da kwananta ya ƙare ina sauka daga adaidaita sahu a Ƙofar Ɗan Agundi, ƙarfe ya kama ta. "Kyat," ta ce, ba ta ƙara ba. Muttaka tela ya ɗaga ta a hasken rana, ya jinjina kai ya ce, "Baba, sai haƙuri. Ba inda allura za ta kama."

Ta bar hula, da tsohon wando, da ƙusar da ake rataye ta, da ni. Ɗana Umar ya kawo mini sabon ɗinki daidai jiki, in na saka ji nake an ɗaure ni. In zauna, in tashi, in kai bakin layi in dawo, hannu na laluben aljihu inda babu. Ko shago ban buɗe ba.

Gobe da safe za a wanke ta, a shanya a tsakar gida, a turara ta da turaren wuta mafi kyau da nake da shi. Ba za a yi tsumma da ita ba; mai wannan shawara ya tsaya daga waje. 'Yata Shamsiyya, mai tsohon ciki, ta duba ta ga bayan rigar da sauran ƙarfi, ta roƙi a yanka mata majanyi. Ta ce tunda jaririn ba zai samu goyon kakarsa ba, ya samu ɗinkinta. Na yarda.

Za a sa almakashi bayan la'asar. Masu ta'aziyya su yi mini uzuri, lokacin ba na gida.