Ƙwan Ƙofar Ɗakina

Har gobe ban manta da azumina na farko a Malanville ta ƙasar Benin ba. Na baro iyali a Kebbi, ina sayar da albasa a kasuwa, na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa Badandiya da kowa ke kira Inna. Ɗakin yana can ƙurya, da ƙofarsa ta baya mai fita lungu, ta nan nake shige da fice.

Mitar wutata ta kati ce, tana cin kuɗi kamar akuya ta samu dusa. Sai na ce bari in nuna mata ni ɗan kasuwa ne. Na cire firji daga wuta, na sa tulu cikin babbar tukunya, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Fanka na ba ta hutu, na rataya jiƙaƙƙun buhunan albasa a taga. Rediyo na yi masa sallama. Daga ƙarshe na hau kujera na kwance ƙwan lantarkin da ke ƙofata ta cikin gida. (Firjin kuwa, don kada ya zauna a banza, na mayar da shi ma'ajiyar takalma.)

Dabara ta yi aiki, ruwa ya yi sanyi. Amma kullum magariba ina jin ƙarar kwanuka ana rabon kunu ɗaki ɗaki, ni ko sallama babu. Ina buɗa baki da dabino ni kaɗai, ina cewa a raina, baƙo dai baƙo ne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ban gaya wa kowa ba.

Wata Juma'a da la'asar zafi ya kai zafi. Na tuɓe daga ni sai gajeren wando, na jiƙa buhu na lulluɓa, na miƙe a siminti. Sai na ji makulli a ƙofa. Inna ce, da wani malamin makaranta da amaryarsa, sun zo ganin ɗakin haya.

Amarya ta ƙwalla ihu. Na zabura, buhu ya zame, ƙafata ta bugi firji, ƙofarsa ta buɗe, takalma suka zubo.

"La'ilaha! Ɗana, kana nan?" in ji Inna. "Mun ga ƙwanka a mace, taga a toshe, munka ce ka tahi gida. Kunu nawa anka kawo maka, anka ga duhu, anka maida!"

Na ce, "Inna, tattalin kuran nika yi, wutar ta cika tsada."

Ta dubi buhun, ta dubi takalman. "To, ka yi tattali har ka tattale kanka."

Kafin magariba na sayo ƙaramin ƙwai marar cin wuta, na ɗaura. Ana kiran salla sai aka yi sallama, ga kwanon kunu da zafinsa. Na sha, hawaye na zubo mini, na ɗora wa albasa laifi.

Yanzu komai na gidan nan ina iya kashe shi, ban da ƙwan ƙofa. Ba don in ga hanya nake kunna shi ba, don a san ina nan ne.