Tsohon da Ya Ƙaurace wa Filin Ƙwallo

"Lafiya lau, amarya. Yau kuma me kika zo cinye mini?" in ji kakan, yana zaune a baranda, rediyo manne a kunne.

Jikarsa ce, mai zanen gine-gine. Kulob ɗin garinsu ya ba ta aikin gyara filin wasansa, don kujeru dubu ashirin ne amma ko kwata ba a cikawa ranar wasa. Jibi za ta kai zane, idan bai yi musu ba wani za su ba aikin. Ta kashe rediyon, ta shimfiɗa masa takardar a cinya.

"Tuhumarka na zo yi. Shekara arba'in kana bin kulob ɗin nan, me ya hana ka zuwa yanzu? Tsufa ko rowa?"

"Wane tsufa? Ni da na taɓa buga ƙwallo sai da ta kwana biyu a sama."

"Shi ya sa gwiwar ta ƙare."

Ya harare ta, sannan ya fara zuba. Ya ce tun da aka gina sabon filin aka zagaye shi da hanyar tsere, 'yan wasa suka koma can nesa kamar tururuwa. Da kuwa idan ya zagi alƙalin wasa, har waiwayowa mutumin yake yi. Ga rana tana dukan ƙeya ba rumfa, ga matakala sittin kafin mutum ya zauna. Ban ɗaki kuwa, ya taɓa shiga layinsa aka ci ƙwallo biyu bai gani ba.

"Wato zagin alƙali kake kewa."

"Idan bai ji ba, me na je yi?"

Ya sa tabarau ya duba zanen. Ta ƙara rumfa da ban ɗakuna, amma kujerun suna nan nesa. Ya danna yatsa a bakin fili, ya ce ta sauko da su nan, ko ya sake ta ya auro mai hankali.

Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta goge, ta ja sabon layi.

"Ka yi gaskiya, tsohon ango. Yau kaɗai."

Ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar rigar kulob, ya ce ta sa ta ranar kai zanen, tana kawo sa'a. Ta shinshina, ta kawar da kai tana dariya.

"An taɓa wanke ta kuwa?"

"Ki wanke sa'ar ta bi ruwa?"

Da ita ta je, a ƙulle cikin leda biyu. Aka karɓi zanen.