Rasuwar Jadawalin Dangi na Gidan Mai Fayil

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, tsohon magatakardan ofishin ajiyar takardu, wanda abokan aikinsa suka laƙaba wa Mai Fayil, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da ma waɗanda ba su cancanci a sanar da su ba, rasuwar Jadawalin Dangi. Marigayin ya cika ranar Laraba da hantsi a falon gidan, bayan gajeriyar jinya ta kwana uku. Ya rasu yana da shekara shida da wata huɗu, ɗauke da suna ɗari biyu da goma sha huɗu.

An haifi marigayin a cikin manhajar rubuta bayanai, a makon da maigidan ya yi ritaya. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana sa kowace takarda a aljihun da ya dace da ita, sai aka wayi gari ba shi da abin jerawa sai takalman bakin ƙofa. Ya jera su. Ya shiga kicin ya jera kwalabe daga doguwa zuwa gajera, matarsa ta nuna masa hanyar fita. A cikin wannan zaman banza ne ya gano baiwar da ke cikin wayarsa: in ka rubuta sunaye, ka ba kowane suna rukuni, ka danna maɓalli ɗaya, sai manhajar ta kwashe kowa ta kai shi wurin irinsa. Ranar ko abincin rana bai nema ba.

Ya fara da mutunci. Dangin uwa, dangin uba, surukai, maƙwabta. Amma wannan rabon ko yaro ya iya shi, kuma bai gaya wa mutum abin da yake bukatar sani ba idan an ƙwanƙwasa ƙofa. Sai ya soma raba mutane bisa halinsu. Aka sami Masu Hankali, su goma sha ɗaya. Aka sami Masu Dogon Labari, da Gidan Rediyo, da Masu Zuwa Lokacin Abinci, da Masu Shawarar da Ba a Nema Ba. Aka sami Kada a Ba Su Aro, wanda aka buɗe saboda wani tsani da ya fita gidan bai dawo ba. Can ƙasa kuma akwai A Gaisa Daga Nesa. Duk wanda ya zo gidan ya tafi, kafin ƙurar motarsa ta kwanta maigidan ya buɗe waya ya duba ko mutumin yana nan a inda aka ajiye shi ko ya cancanci sauyin wuri.

Marigayin mai haƙuri ne, mai riƙon amana, ba ya gardama. Bai taɓa tambayar maigidan wa ya naɗa shi alƙalin mutane ba. In an matsar da suna daga wani rukuni zuwa wani, iyakarsa ya ce "ting," ya rubuta "An adana." A shekara shida maigidan bai ji wata kalma da ta kwantar masa da hankali kamar waɗannan ba, domin a duk gidan babu mai amsa masa magana ba tare da ƙari ba sai shi.

Ciwon ajali ya kama shi ranar Litinin da safe. Saura mako uku bikin 'yar maigidan, sai ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda aka ɗora wa rabon katin gayyata, ta bugo ta ce ya turo mata sunayen dangi da lambobinsu. Mai tunani zai kwafe sunayen ya tura. Shi kuwa ya so ta ga tsari, ta san cewa yayanta ba zaman kashe wando yake yi ba. Ya danna maɓallin rabawa. Manhajar ta yi masa wata tambaya da ƙananan haruffa, tabaransa na kan firij, ya amsa da e. Har yau yana ɗora laifin a kan ƙanƙantar rubutun. Ƙanwar tana tsakanin maras lafiya da maras lafiya, ba ta ko buɗe ba, ta jefa saƙon cikin zauren hirar dangi, ta ce kowa ya duba ko lambarsa daidai ne.

Kowa ya duba.

Wanda ya fara kira shi ne kawunsa, tsohon direban babbar mota, wanda ya tsinci kansa a saman Masu Dogon Labari. Ya yi minti hamsin yana bayyana cewa shi ba mai surutu ba ne, ya kawo shaida tun daga shekarar da ya fara tuƙi. Gwaggon da ke shugabantar Gidan Rediyo ba ta kira ba. Ta ɗauki mayafi ta bi gidajen waɗanda ba su da wayar zamani, ta karanta wa kowa matsayinsa, kafin la'asar labari ya kai inda katin gayyata ma ba zai kai ba. Ƙanwar da ta jawo abin, da ta tashi aiki ta ga nata sunan a ƙarƙashin Masu Shawarar da Ba a Nema Ba, sai ta turo masa saƙo mai tsawo tana ba shi shawarar yadda zai nemi gafara.

Ranar Talata jiki ya rikice. Ashe tambayar da maigidan ya amsa ba tabarau ta ba kowa izinin gyara. Mutanen da shekara da shekaru suke cewa ba su iya buɗe saƙo ba, waɗanda in an turo musu hoto sai sun nemi mai nuna musu, a yini ɗaya suka ƙware wajen jan suna da yatsa. Masu Hankali suka tashi daga goma sha ɗaya suka koma saba'in da uku. Wanda ya ari tsanin nan ya goge rukuninsa ɗungurungum, amma bai dawo da tsanin ba. Kawu ya buɗe wa kansa rukuni shi kaɗai, ya sa masa Dattawan Gaskiya. Wani, wanda har yanzu ba a san ko wane ne ba, ya lura cewa sunan maigidan ba ya cikin jadawalin, ya shigar da shi, ya buɗe masa rukunin Marasa Aikin Yi. Marigayin yana kwance a hannun kujera yana ta "ting, ting, ting" ba hutawa, yana adana kowane cin mutunci da biyayyar da ya saba. Maigidan yana mayar da mutum ɗaya mazauninsa, uku suna tserewa.

Da yamma amarya ta dawo daga aiki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a gefen kujera ta shaida wa mahaifinta cewa mutum arba'in sun ce ba za su zo bikin ba, kuma hoton jadawalin ya kai hannun uwar ango, wadda ta ga sunanta a ƙarƙashin A Gaisa Daga Nesa tun kafin a zama surukai. Ya fara bayanin cewa wannan rukuni na wucin gadi ne, ana sake duba shi duk wata shida. Ta dube shi kawai, ta tashi ta shige ɗaki.

Duk da wannan, da marigayin zai iya tashi. Abin da ya ƙarasa shi ya zo ne ranar Laraba, lokacin da matar gidan, wadda ba ta ce uffan ba tun Litinin, ta ajiye masa shayi ta zauna da wayarta. Manhajar tana da wata ɗabi'a: duk sunan da aka bari ba rukuni, sai ta tara shi can ƙarshen jadawali, ƙarƙashin Babu Rukuni. Suna uku ne a wurin. Mai gyaran famfo, da wani mutum da maigidan ya manta ta ina suka haɗa dangi, da matarsa ta shekara talatin da ɗaya.

Gaskiyar ita ce da sunanta ya gwada manhajar a ranar farko, ya ce zai dawo kansa, bai dawo ba. Amma ba haka ya faɗa ba. Ya gyara zama ya ce ita ta fi ƙarfin kowane rukuni, shi ya sa.

"Shi ma mai gyaran famfon ya fi ƙarfin rukuni?" in ji ta.

Ya ɗauki shayin ya kurɓa.

"Da a Gidan Rediyo ka sa ni, Malam, da na yi fushi na huce. Aƙalla na san ka zauna ka yi tunanina. Shekara shida kana jujjuya mutanen da ke zuwa sau ɗaya a shekara."

Ta ɗauki farantin ta koma kicin. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya sa tabarau, a wannan karon, ya danna gogewa. Marigayin ya yi tambayarsa ta ƙarshe: "Ka tabbata?" Bai tabbata ba. Ya ji ƙarar tukwane daga kicin, irin ƙarar da ba ta wanke-wanke kaɗai ba ce, ya danna e. Marigayin ko "ting" bai yi ba.

Marigayin ya bar ƙannensa biyu, Jadawalin Magunguna da Jadawalin Kayan Gyara, waɗanda ba su taɓa ɓata wa kowa rai ba saboda ƙusa da ƙwaya ba sa karatu. Ya bar hotuna bila adadin a wayoyin dangi. Ana roƙon masu su da su goge, ko da yake an san halinsu, an ma taɓa rubuta shi. Ya kuma bar maigidan, wanda tun ranar yake bin gida-gida da katin gayyata a hannu, yana cire takalmi a ƙofofin da ya yi shekaru yana gaisarwa daga nesa. Uwar ango ta bar shi tsaye minti ashirin kafin ta ce ya zauna. A gidan kawu ya kai azahar.

Gawar tana kwandon shara na manhajar, inda ƙa'ida ta ba ta kwana talatin, amma matar gidan ta ce ba za a jira ba. Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a falo, a gaban amarya da ƙanwar maigidan, kuma matar gidan ce za ta danna maɓallin da hannunta. Ba a bukatar taro. Masu son yin ta'aziyya su zo bikin, ya wadatar. An tanadi magajin marigayin, littafin rubutu mai shafi tamanin, wanda za a rubuta suna da lamba kawai a cikinsa. Maigidan ya sayo alƙaluma kala huɗu, ya ce don ado ne. Matarsa ta karɓe uku.